Ƙofa ta Uku

Adireshin a bayan rasitin kantin magani yake,
rubutun Eliana, 'yata, da jan biro.
Ba ta ce uffan ba. Ta ajiye shi ƙarƙashin kofina,
inda ta san hannuna zai riga idona zuwa.

Kwana goma sha ɗaya yana aljihun rigar aiki,
ya sha zufa, ya sha hayaƙin walda,
har lambar gidan ta dushe:
bakwai ce ko ɗaya, oho.

Valparaíso gari ne a tsaye, bai san kwanciya ba.
Ni kuwa shekara talatin gangara kawai na iya,
daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa mashayar Aurelio,
ƙafa na kai ni ko da kai ya ɓata.
Yau na kama matakala.
Ɗari da arba'in da biyu. Na ƙirga don kada in yi tunani.

Ƙofa ta farko, ta cocin kan tudu, a garƙame.
Wata takarda a manne ta ce: mun koma.
Ina? Ruwan sama ya cinye wurin.
Maƙogwarona ya ce, to ka gani,
ka yi naka, ba wanda zai zarge ka, mu sauka.

Ƙofa ta biyu, lamba ɗaya maimakon bakwai.
Wata tsohuwa ta buɗe, rungume da kyanwa.
Na rasa bakin tambaya.
Ta dubi hannuna yana rawa kamar mazari,
ta ce, "Marigayi mijina ma Talata yake zuwa.
Sun koma zauren ƙungiyar masunta, bayan kasuwar kifi.
Hanzarta, shayin Nibaldo ba ya jiran kowa."

Wato ƙasa. Wato ta gaban Aurelio.

Fitilarsa a kunne, rediyo na ihun ƙwallo,
kujerata ta kusurwa ba kowa a kai.
Warin jar giya ya fito har titi ya cakumi kwalata
kamar mai bina bashi.
Ba zan ce na yi jarumtaka ba.
Wata bas ce ta gifta tsakaninmu,
na bi gefenta da gudu, ina fakewa kamar ɓarawo.

Ƙofa ta uku a buɗe take, an tokare ta da bulo.
Kujerun roba tara a zagaye, taru rataye a bango.
Direban tasi. Malamar makaranta.
Wani yaro da gemu bai gama fito masa ba.
Sai Osvaldo, wanda muka shekara takwas muna walda kafaɗa da kafaɗa,
ban taɓa tambayar inda yake ɓacewa ran Talata ba.
Bai yi mamaki ba. Ya turo mini kujera da ƙafa.

Da aka zagayo kaina na ce, "Sunana Hernán."
Sauran ya maƙale.
Ba wanda ya ƙarasa mini.
Suka bar shirun ya zauna cikinmu kamar shi ma ɗan taro ne,
har wani jirgi ya yi kuka daga teku.

Nibaldo ya zuba mini shayi, rabin kofi.
Na ɗauka rowa ce.
Sai da na ɗaga na gane:
da ya cika, da a cinyata zai ƙare.

Ba su nemi alkawarin shekara ba.
Yau kawai, suka ce, gobe ta zo da ƙafarta.
Osvaldo ya rubuta lambarsa a bayan rasitin nan,
ƙarƙashin jan biron Eliana.
Ya ce, "Ko ƙarfe ukun dare ne. Musamman ƙarfe ukun dare."

Na hau gida. Fitilar kicin a kunne.
Ta matso, ta yi kamar kwala take gyara mini.
Na san numfashina take shaƙa.
Na tsaya cak. Na ƙyale ta.

"Ƙarnin kifi kake yi," ta ce,
ta juya ta ɗora miya a wuta.